Kunnuwan Inna a Akwatin Gilashi

Inna tana goge wa mijinta Malam fuska da tsumma mai ɗumi, shi kuma yana mitar ruwan ya yi zafi, sai ta ji wani ɗan ƙara siriri a kunnenta na dama, na hagu ma ya amsa. Daga nan komai ya ɗauke. Bakin Malam yana motsi, fanka tana juyawa, labule yana kaɗawa, amma ko ɗaya bai iso gare ta ba. Ta ciro 'yan na'urorin nan biyu da take maƙalawa don ta ji magana, waɗanda 'ya'yanta ke kira kunnuwan Inna, ta hura su, ta goge da bakin zani, ta mayar. Shiru.

Shekara huɗu ke nan da ta sayar da keken ɗinkinta ta saye su. Kwanan baya suka soma gajiya, caji ba ya kai musu rabin yini, shi ne ta kai wa Mai-gyara na bakin titi, wanda a hannun Malam ya koyi sana'a tun Malam na da shagon gyaran rediyo. Mutumin ya sa musu sabon batir. Kwana ɗaya tak suka yi aiki.

Ta wuce ɗakin babban ɗanta, wanda kowa a gidan ke ce wa Yaya, domin a wayarsa aka yi wa na'urorin rajista, ita tata wayar mai maɓallai ce. Ya duba, ya ɓata fuska, ya kawo bakinsa daf da kunnenta na hagu, wanda ya rage da ɗan abin da ba a rasa ba, ya ɗaga murya.

"Kamfani ne ya rufe su, Inna! Wai an buɗe su ba da izini ba!"

"Izinin wa? Ai ni na ba shi izini."

"Izinin kamfanin!"

"Kamfanin ne ya sayar da kekensa, ko ni?"

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya, sannan ya tsaya cak yana kallonta, idonsa na ƙyalli. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita, ba ta lura ya ɗaga waya yana ɗauka ba.

A nan sai a yi wa Yaya adalci, domin gaskiya yana da ita. Shekara biyu yana da wani shafi a intanet mai suna "Abin da ka saya naka ne", yana faɗa da kamfanonin da ke sayar maka da kaya su riƙe mabuɗin a aljihunsu. Ya yi magana a kan wayoyi, ya yi a kan injin buga takarda da ke ƙin tawadar da ba ta gidansu ba. Sai dai masu saurarensa ba su kai cikin motar haya biyu ba, rabinsu ma abokan makarantarsa ne. Ya rubuta wa kamfanin kunnuwan Inna, suka amsa cikin ladabi mai sanyi: suna ba da haƙuri, sun rufe ne don lafiyar mai amfani, kuma wannan samfurin an daina kula da shi, amma akwai sabo mai kyau. Ya haɗa wannan amsa da bidiyon Inna ya ɗora. Kafin gari ya waye sau biyu, maganar keken ɗinkin nan ta zagaye ko'ina. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka soma ce masa Sarkin Yaƙi.

A rana ta uku ya shigo ɗakinta da wani ɗan akwatin gilashi, irin wanda ake ajiye agogo. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya miƙa hannu.

"Ki ba ni su, Inna! Tunda dai ba sa aiki! Zan riƙa nuna wa mutane!"

"Har yaushe?"

Ya ɗaga yatsu uku. Ta ciro su ta zuba masa a tafi. Ko ba sa aiki, ta saba da nauyinsu, sai ta ji kunnuwanta sun yi tsirara.

Wanda bai san gidan ba zai ce, to mene ne, tsohuwa ta yi 'yan kwanaki ba ta ji? Amma Malam shekararsa uku a kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, muryarsa ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Ga kuma ƙirji. Lokaci-lokaci numfashi yana sarƙe masa, kuma likita ya ja wa Inna kunne: da zarar ya soma, a ɗaga shi zaune, a fesa masa maganin nan a baki, kada a ce bari in ƙarasa abin da nake yi. Auta, ƙanwar Yaya, tana koyarwa a firamare, ba ta dawowa sai bayan ƙarfe biyu. Saboda haka ran Malam a kunnen Inna yake rataye. Daga kicin takan gane tarin ƙaiƙayin maƙogwaro da tarin da ke buƙatar gudu. Shekara arba'in da ɗaya yana kiranta Yarinya, ga furfura ga manyan 'ya'ya, kuma yadda ya ja kalmar kawai ya ishe ta sanin abin da ke damunsa.

Kwana biyun farko ba ta fita daga ɗakinsa ba, ta zuba masa ido kamar mai gadin tukunyar madara. Amma gida ba ya tafiya da kallo. Sai ta kwance igiyar shanya, ta ɗaura bakinta ɗaya a hannun Malam mai lafiya, ɗayan a ƙafarta. Igiyar tana kaiwa kicin, tana kaiwa famfon tsakar gida. Suka yi yarjejeniya da yatsu: ja ɗaya ruwa ne, ja biyu kewaye, ja ba ƙaƙƙautawa kuwa ƙirji. Malam ya ƙara nasa da kansa. Ranar farko ya ja sau uku, ta zo a guje da kumfar sabulu a hannu, ta tarar da shi yana murmushin gefen baki. Ja uku, wai, ba komai, so yake ya gan ta.

"Tsoho da kai, ba ka da aikin yi," in ji ta. Amma duk ranar da bai ja sau uku ba, sai ta leƙo ta ga ko lafiya.

Kwana uku suka zama mako uku. Akwatin gilashi ya samu wurin zama a kan teburin falo, ƙarƙashin wata fitila mai zagaye da Yaya ya sayo. Kullum da la'asar sai ya sa riga mai guga, ya zauna, ya ɗaga akwatin a gaban waya. An buɗe takardar koke, mutane suna sa hannu. Inna takan wuce ta ƙofar da igiya a ƙafa, ta hangi kunnuwanta suna sheƙi a cikin haske, ta wuce.

Wata ranar Asabar Mai-gyara ya yi sallama, da furfurarsa da tabarau a goshi. Tun ranar da abin ya faru bai samu sukuni ba, gani yake shi ya jawo. Ya gaida Malam a durƙushe, ya fito falo, fuskarsa cike da fara'a. Inna ta zauna a bakin ƙofa, iyakar inda igiya ta kai. Ana maganar kunnuwanta a gabanta, ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta ji.

"Na samo hanya," in ji Mai-gyara. "Wasu masu gyara irina sun rubuta manhajar da za a zuba musu, sun saki a intanet kowa ya ɗauka. A wanke ta kamfanin, a zuba wannan. Ka ba ni su yanzu, kafin la'asar Inna tana jin kukan tsuntsu."

Yaya ya dafe akwatin. "Na san manhajar. Ai 'yan tafiyarmu ne suka yi ta. Amma ba yanzu ba."

"Ba yanzu ba kamar yaya?" in ji Auta, ta ajiye littattafan ɗalibanta da take dubawa.

"Lauyanmu ya ce kada a taɓa su. Hujja ce. Da zarar an wanke, kamfani zai ce ai ga shi suna aiki, ina ƙarar take?"

"To lauyan naku ya zo ya zauna da Baba mana."

"Ke ba ki gane ba. Inna ɗaya ce a cikin dubbai. Akwai iyayen mutane a ko'ina da aka yi wa haka. In muka ci nasara, kowa ya huta. In muka lallaɓa ta bayan gida muka gyara namu, mun ci amanar sauran."

Mai-gyara ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu mai zurfi ba. Amma Malam ya koya mini cewa in an kawo maka rediyo, tambaya ta farko ita ce, na waye? Waɗannan na waye?"

"Da sunana aka yi rajista," in ji Yaya. Da maganar ta fito shi kansa ya ji ɗacinta, sai ya yi saurin ƙarawa, "Ina nufin a wajen shari'a. Mako biyu kawai nake roƙo."

Inna ta ga Mai-gyara ya sauke tabaransa ya sa a aljihu, ya miƙe jiki a sanyaye. Ta ga Auta tana nuna Yaya da yatsa, jijiyar wuyanta ta tashi. Da baƙon ya fita ta jawo hannun Auta ta tambaye ta me aka ce. Auta ta dubi yayanta, ta dubi uwarta, ta sunkuyo.

"An ce saura kaɗan, Inna!"

Saura kaɗan ɗin nan ya ci wata guda, ya shiga na biyu. Inna ta ƙone tukunya biyu, domin da kunne take sanin ruwa ya tsotse. Ta bar famfo a buɗe har tsakar gida ta zama tafki. Ran da ta fita karɓo wa Malam magani, mai babur ya yi ta danna mata oda, ba ta kauce ba, ya goge ta ta faɗi a kwata, ya bi ta da zagi wanda Allah ya taimake ta ba ta ji ba. Maƙwabta suka daina shigowa hira, don wa zai yini yana ihu a kunnen mutum? Ta soma magana da ƙarfi ba ta sani ba, yaran dangi in sun zo sai su ɓuya a bayan uwarsu suna dariya. Sai ta rage maganar ma.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Malam. Shi ba ya iya ihu, hannun rubutunsa kuma ya mutu. Wata rana ya ja sau uku, ta zo ta zauna a bakin gado. Ya riƙe hannunta ya yi ta magana, doguwar magana, yana tsayawa ya huta ya ci gaba. Ta kafa wa leɓensa ido, amma leɓen da ya karkace ba ya karantuwa. Da ya yi shiru sai ta yi dariya, ta ce, "Kai dai ba ka rabo da tsokana." Sai ta ga hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige kunne. Ashe ba wasa yake yi ba. Har yau ba ta san abin da ya faɗa mata ba.

A ranar ta je ta samu Yaya da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofar falo, igiya ta miƙe tsam a bayanta.

"Ka ba ni abina in kai wa Mai-gyara."

Ya taso ya kama kafaɗunta, ya sa baki a kunnenta. "Inna, kin san mutum nawa ke yi miki addu'a? Kin zama uwar kowa!"

"Ni dai uwar mutum biyu na sani, da miji ɗaya. Shi nake so in ji."

"Ran Laraba za a yi hira da mu kai tsaye! Babban shiri ne, duniya za ta gani! Daga shi sai ki karɓa, na yi miki alkawari!"

Abin da bai faɗa mata ba, wanda Auta ta gani da idonta a shafinsa, shi ne wata mata ta rubuto tana so ta aiko wa Inna sababbin na'urori na wani kamfani dabam. Yaya ya amsa mata a bainar jama'a cewa sun gode, amma ba bara suke yi ba, haƙƙi suke nema. Wannan amsa ta burge mutane ƙwarai, aka yi ta yaɗa ta. Babu wanda ya tambayi mai kunnen.

Ran Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Auta tana makaranta. Yaya ya sa Inna ta ɗaura zaninta na fita. Malam ya tashi da ɗan nauyin ƙirji tun da safe, ta fesa masa magani sau ɗaya, ta ajiye kwalbar a kan durowa. Da ta zo bakin ƙofar falo igiya ta ƙare, kujerar kuwa tana can ciki, gaban fitila. Yaya ya durƙusa ya kama ƙullin da ke ƙafarta.

Ta janye ƙafar. "A'a. Kawo kujerar nan."

"Haske bai kai nan ba, Inna! Kuma dole a rufe ƙofa saboda ƙara! Minti ashirin ne kawai! Ni ina ji ai, in ya kira zan gaya miki!"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa ta saki jiki. Ɗansa ne, kuma kunnensa garau. Ya kwance ƙullin, ya tura igiyar waje da ƙafa, ya turo ƙofa. Ya zaunar da ita, ya ɗora mata akwatin gilashi a cinya, ya nuna mata da hannu ta riƙe shi sama-sama, ta dubi wayar.

A fuskar wayar akwai wata mace mai tambaya, ga rubutu yana ta gudu a ƙasa. Yaya yana magana, yana kaɗa hannu, yana nuna ta. In ya taɓa gwiwarta sai ta ɗaga akwatin. Ƙafarta ta yi mata wani iri, fayau, babu abin da ke riƙe da ita. Can ta ga ya waiwaya ya dubi ƙofa. Ta yunƙura za ta tashi. Sai ya dafa hannunta, ya yi wa wayar murmushi, ya faɗi wani abu, ya ci gaba. Ta koma ta zauna, ta ce a ranta ƙila iska ce. Agogon bango ya nuna minti ashirin sun wuce, sannan talatin, sannan arba'in da biyar.

Yana kashe fitilar ta ajiye akwatin ta fita. Igiyar ba ta inda aka bar ta. An janye ta kaf, ta shige ɗaki. Ta bi ta da gudun da ta manta tana da shi.

Malam yana kwance a karkace, rabin jikinsa ya zamo daga gado. Igiyar shanya duk ta taru a kan ƙirjinsa, ya naɗe ta a hannu har bakinta, bakin da ya kamata a ce ƙafarta na ciki. Kwalbar magani tana ƙasa, ta gangara ƙarƙashin durowa. Ta ɗaga shi zaune kamar yadda likita ya ce, ta fesa, ta sake fesawa, ta jijjiga shi. Ta san ta yi ihu, don ta ji maƙogwaronta ya tsage, amma ihun ma ba ta ji shi ba.

Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki. Mutane suka yi ta zuwa suna motsa baki a gabanta, tana gyaɗa kai. Abin da ke cin zuciyarta ita kaɗai ta sani: ta bar shi. Ta yarda an kwance ta. Yaya kuwa ya rame, ya yi zuru-zuru, ba ya haɗa ido da kowa, sai ta riƙa jin tausayinsa. Ta ce a ranta, yaron nan ƙofa a rufe take, muryar ubansa kuma ba ta da ƙarfi, ina zai ji?

Labarin rasuwar ya fita, ya yi abin da wata biyu na koke bai yi ba. Kwana tara bayan haka kamfani ya fitar da sanarwa mai cike da alhini, ya ce ya saurari jama'a, ya buɗe duk na'urorin da ya rufe a ko'ina suke. Ashe danna maɓalli ɗaya ne. Yaya ya same ta a ɗakin Malam da akwatin, ya durƙusa, ya sa mata su da hannunsa. Ƙaran nan siriri ya dawo, sai ga fanka, ga kukan kaji a maƙwabta, ga numfashin ɗanta.

"Mun yi nasara, Inna," in ji shi a hankali. "Dubban mutane sun samu jinsu yau."

"Madalla," in ji ta. Ta juya ta dubi gadon da aka naɗe katifarsa.

Wata biyu gidan ya saba da cewa Inna ba ta ji, kuma sabo ba ya fita rana ɗaya. Washegari da hantsi tana shanya a tsakar gida, sai ta ji shi. Can ƙasa-ƙasa, daga cikin gida, muryar da za ta gane ko a cikin kasuwa.

"Yarinya..."

Rigar da ke hannunta ta faɗi. Ta san yadda ya ja kalmar. Wannan kiran ƙirji ne. Ƙafafunta suka kai ta ɗakinsa kafin hankalinta ya tuna mata babu kowa a ciki. Ta tsaya a gaban gado babu katifa. Kiran ya sake zuwa, daga ɗakin Auta.

Auta tana zaune a ƙasa da waya a hannu, fuskarta jage-jage da hawaye. Ta ga uwarta, ta tuna yanzu tana ji, ta yi wuf za ta kashe.

"Bar shi," in ji Inna. "Mayar da shi farko."

"Inna, don Allah..."

"Na ce ki mayar."

Hirar ran Laraba ce. Yaya ya goge ta daga shafinsa, amma mutane sun riga sun kwafa. Inna ta ga kanta zaune da zanin fita, riƙe da akwati. Yaya yana bayani a kan haƙƙin mallaka, da kyau kuwa yake yi. A bayan muryarsa, ta cikin rufaffiyar ƙofa, Malam yana kira. Ya kira, ya huta, ya kira. Sai mai tambayar ta katse shi.

"Yi haƙuri, kamar ana kira a bayanka. Masu kallo ma suna ta rubutowa."

Yaya na cikin wayar ya waiwaya ya dubi ƙofa. Inna ta cikin wayar ta yunƙura. Ya dafa hannunta, ya yi murmushi.

"Ba komai, mahaifina ne, haka yake yi. Bari in ƙarasa wannan maganar, tana da muhimmanci."

Inna ta saurara har ƙarshe. Sau goma sha ɗaya ya kira ta. Na ƙarshen bai ƙarasa kalmar ba.

Ta samu Yaya a falo yana amsa wayar masu taya murna. Yana ganin fuskarta ya ajiye. Bai tambayi me ya faru ba.

"Inna, wallahi na zaci ruwa yake so. Kullum yana kira. Minti biyar na ce a raina, mutum dubu nawa ke kallo a lokacin, in na tashi..."

"Ka ce za ka gaya mini."

"Na san na yi kuskure, amma ki duba abin da aka samu. Baba da kansa, da yana nan..."

"Kada ka sa shi a ciki. Kamfanin nan bai san fuskata ba. Bai san akwai wani tsoho da ke kirana ba. Daga nesa ya rufe, kuma Allah zai tambaye shi. Kai fa? Ni na goya ka. A gidan nan ka ga ina ɗaura igiya a ƙafa kamar akuya, ka wuce ka kunna fitila. Kana gaya wa duniya abin da mutum ya saya nasa ne. Wa ka tambaya kafin ka sa nawa a akwati?"

Ya faɗi a gwiwa yana kuka, bakinsa cike da bayani. Ta sa hannu biyu ta ciro na'urorin daga kunnuwanta, a gabansa, a hankali. Bakinsa ya ci gaba da motsi. Ta rufe su a tafin hannunta ta fita da abinta.

Har gobe in aka buɗe shafin nan za a ga hotonta, da rubutu a ƙasa cewa ita ce uwar da ta durƙusar da kamfani. Mutane da yawa sun samu jinsu, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai babu wanda ya roƙe ta wannan sadaukarwa, ɗauka aka yi, kuma wanda ya ɗauka ya fi kowa sanin sunan wannan laifi, don shi ya koya wa jama'a shi.

Ta koma ɗakin Malam, ta zauna a bakin gadon. Igiyar shanya tana nan rataye a ƙarfen gado, babu wanda ya yi ƙarfin halin mayar da ita tsakar gida. Ta kira Auta, ta mayar da na'urorin kunnenta, ta ce ta kunna mata daga inda ya fara.

"Inna, me za ki yi da shi? Zai ƙara miki ciwo ne kawai."

"Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa kirana na yi shiru ba. Kunna."

Auta ta kunna. Muryar ta taso daga bayan ƙofa, can ƙasa-ƙasa.

"Yarinya..."

Inna ta gyara zama, ta kama bakin igiyar.

"Na'am, Malam," in ji ta. "Ga ni."